Amawalin Baba

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. A asibiti, a gidan suna, har a bakin famfo, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Sista Rabi, 'yan ƙasar waje! Yaya Nijar? Ina tsarabarmu?" Wasu kuma ba Nijar ɗin ce ta dame su ba. Sun riga sun ga abin a waya, so suke su ji daga bakina. Na gaji da cewa lafiya lau, domin ba lafiya lau ba ce. To ga labarin na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Safana, amma 'yar wani ƙauye ce a gefen Wagini. Mahaifina, Malam Sama'ila, shi ne limamin masallacin unguwarmu tun ban san kaina ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tofi. Yaro ya yi zazzaɓi, ko ya firgita cikin barci, sai a kawo shi zaure, Baba ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa masa a ka. Ni da na yi karatun asibiti ba mu taɓa samun saɓani da shi a kan wannan ba, domin shi da kansa yake ce wa uwar yaro, "Na yi nawa, ku wuce wurin Uwata ta yi nata."

A 'yan shekarun nan hannunsa na dama ya fara rawa. Tafiya ta koma jan ƙafa, murya ta yi ƙasa. Ciwon karkarwar nan ne da likitoci ke kira Fakinsin. Duk wannan ya jure, yana jan salla da hannu yana rawa. Abin da ya karya shi miyau ne. Ya fara zubo masa ta gefen baki ba da saninsa ba, har wata rana ya ɗago daga sujada ya ga ya jiƙa buzu. Daga ranar ya ja amawali, wato ɓangaren rawanin da ke bi ta ƙarƙashin haɓa, ya rufe bakinsa har hanci. Ya ce wa na'ibinsa Malam Idi ya riƙa jan salla kafin ya ji sauƙi. Mutanen gari sun san ba shi da lafiya, sun ga rawar hannu, amma ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin amawalin. Tun rasuwar Inna matan yayyena ke yi masa abinci, su ajiye su fita. Ni kaɗai yake sauke amawalin a gabana, in goge masa baki, in canja tsumman da yake sakawa a ciki.

Ana nan sai Dakta Lawal, shugaban wani shiri da muke aiki a ƙarƙashinsa a Batsari da Safana, ya ce an ba mu gurbi a wani taro a Maraɗi. Taron horo ne kan shugabanci ga masu kula da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma wata babbar Farfesa daga Senegal za ta zo. Da na ji haka sai na roƙe shi in tafi da Baba, ko za ta duba shi. Ya amince da saurin da ya kamata ya sa in yi tunani. Har ya tambaye ni, "Alamomin sun fito sosai? Har da dalalar miyau?" Na ce e. Na ɗauka tausayi ne.

Baba bai so tafiyar ba. Sai da na yi ta lallashi, sannan ya ce, "Uwata, zan tahi, amma da sharaɗi guda. Likitar kaɗai za ta ga bakina. Ba ni son idon jama'a." Na yi masa alkawari. Sannan ya ce, "In Allah Ya sa anka dace, ni zan ja asham bana." Rabona da in ji yana maganar gobe har na manta. Na kai wa Dakta wannan sharaɗi kamar yadda aka faɗa mini, ya ce, "Haba Sista, ni za ki koya wa? Sirrin majiyyaci ai shi ne darasin farko."

Ranar tafiya yayyena biyu suka kawo Baba Batsari a babur, ɗaya yana tuƙi, ɗaya ya riƙe shi ta baya. Mun yi da Dakta za a tashi da hantsi, domin kowa ya san hanyar nan ba a binta da yamma. Muka zauna a inuwar wani shago, ni da Baba da direbanmu Mamman, rana ta take, aka yi azahar, babu Dakta babu labarinsa. Da ya ƙaraso, ko sannu bai ce ba. Ya buɗe gaban mota ya shige, alhali tun da farko na roƙa a bar wa Baba wurin saboda ƙafafunsa suna sandarewa. Aka cusa tsoho a baya, tsakanin kwalin allunan taro da wata ƙatuwar lasifika. Mamman ya dube ni ta madubi ya girgiza kai. Muka kama hanya kowa yana addu'a a ransa, duk babur ɗin da ya ɓullo daga jeji sai gabana ya faɗi. Allah Ya tsare muka shiga Katsina, amma lokaci ya ƙure, dole muka kwana a can. Dakta ya sauka otal, mu kuma gidan wata ƙawata da muka yi makaranta tare.

Washegari muka bi ta Jibiya zuwa iyaka. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangaren Nijar Dakta ya nuna takardarsa ya wuce, ya samu gindin bishiyar bedi ya zauna yana latsa waya, kamar ba tare muke ba. Wani jandarma dogo ya karɓi katin Baba, ya dubi hoto, ya dubi rawani, ya ce, "Baba, sai mun ga huska." Baba ya juyo ya dube ni. Layi cike da mutane, 'yan kasuwa da mata masu goyo. Na matsa kusa da jandarman na gaya masa a hankali abin da ke akwai. Bai ce me ya sa ba, bai yi tsaki ba. Ya kama hannun Baba, mai rawar, ya shiga da shi ɗakinsu, ya ce wa abokan aikinsa su ɗan ba shi wuri, ya tura ƙofa. Ba su jima ba suka fito, amawali yana inda yake. Ya miƙo katin da hannu biyu ya ce, "Ku sauka lahiya, Baba. A sa mu cikin addu'a." Na riƙe wannan a raina, domin daga baya na yi ta auna shi da abin da masu digiri suka yi.

Maraɗi kuwa gida ce ba gida ba. Hausarsu tamu ce, sai dai suna yayyafa mata Faransanci, kowa "Madam" yake ce mini har na fara waiwaye in ga da wa ake. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu, dogo kamar taɓarya, mutum ya saƙala shi a hammata ba leda ba komai, ya hau babur ya tafi. Na biyu mata. Mace da hijabinta har ƙasa, ta tuƙo babur da kanta, ta goya ƙawarta, ba wanda ya ko kalle ta. Na ce a raina, in na yi haka a Safana, kafin in kai asibiti labari ya isa Wagini. Da rana ta take kuma sai gari ya yi tsit, ofis da kanti a rufe, kowa ya tafi hutun rana, sai la'asar a dawo. Wannan kam na so a ce an yi mana tsarabarsa.

A masauki aka ba Baba ɗaki a bene. Mutumin da dakalin masallaci ma sai an kama shi. Na sami Dakta na ce ya yi magana a canja, ya ce wannan aikin masu shirya taro ne, shi ba zai shiga ba. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Maraɗi, Madam Zuwaira, tana tsaye tana jinmu. Ba ta san ni ba, ban san ta ba. Ta miƙo mini mabuɗin ɗakinta na ƙasa ta ce, "Amshi wanga, ni ƙafata lahiya lau take." Ita ce kuma ta ga abincin otal ɗin ba na Baba ba ne. Ganye ɗanye ake fara kawowa, sai burodin nan mai ƙarfi kamar an gasa shi da fushi, sai nama da wuƙa da cokali mai yatsu. Kullum da safe sai ta sa a kawo fura daga gidansu, an dama ta da kauri yadda ba za ta sarƙe shi ba. Baba ya sha ya ce rabonsa da irin wannan fura tun ta mahaifiyarsa.

Ranar farko ta taro duk maganar shugabanci aka yi. Wani mai kwat ya tsaya gaban majigi yana zuba Faransanci, tafinta yana juya mana. Shugaba shi ne na ƙarshe wajen cin abinci. Shugaba yana saurare kafin ya yi magana. Shugaba garkuwa ne ga mai rauni. Maganganu masu kyau, ba zan ce ba su da kyau ba. Abin da ya hana ni jin daɗinsu shi ne duk wadda aka faɗa sai Dakta Lawal ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ɗaga hannu ya ƙara bayani. Har ya miƙe ya gaya wa jama'a yadda ya ratsa jeji mai haɗari ya ɗauko wani tsoho talaka daga ƙauye, ya kawo shi har nan don ya sami magani. Aka yi masa tafi. Ni kuwa ruwan da nake sha ya kusa sarƙe ni. Daga baya aka yi wani wasa, a ɗaure wa mutum ido, abokinsa ya ja shi tsakanin kujeru, wai don a koyi amana. Dakta ya ja wani ɗan Batsari, idonsa yana kan mai ɗaukar hoto, ya kai bawan Allah ya gwara da fanka. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Rana ta biyu Farfesa ta hau dandamali. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, da silifas a ƙafarta, ba ta da shan ƙamshi ko kaɗan. Ta ce yau a kan miyau za ta yi magana, aka fara murmushi. Ta ce ku yi dariyarku, amma wuraren nan na gefen kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi, waɗanda ke kumbura idan yaro ya yi hangum, ba ruwa kawai suke tatsowa ba. Suna haɗa sinadarai masu taimakon jijiya ta tsira, masu taimakon rauni ya warke, wasu ma ana ganin suna shiga jini su kai saƙo wani sashe na jiki. Ta ce daga miyau kaɗai ana iya auna yawan damuwar da mutum ke ciki. Sannan ta zo kan ciwon Baba. Ta ce mai ciwon karkarwa ba miyau ne ya yi masa yawa ba, haɗiya ce ta ragu, domin ƙwaƙwalwa ta daina tuna masa ya haɗiye, kuma akwai abin da za a iya yi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ƙagara a tashi in je in gaya wa Baba cewa abin da yake ɓoyewa ba ƙazanta ba ce, kuma yana da magani.

Don a nuna mana yadda ake awon damuwa, aka raba wa kowa 'yar kwalba aka ce ya tofa. Ku zo ku ga manyan ma'aikata da manyan riguna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana tara miyau. Mu da aka yi mana tarbiyya ba a tofarwa a gaban manya. Aka tattara kwalaben cikin wata kula mai ƙanƙara. Sai Dakta ya yafito ni ya ce, "Sista, ki taimaka ki kai wannan firji, yana can ginin baya. Ki tsaya sai an jera su, kada a haɗa namu da na wasu." A lokacin Baba yana zaune a baranda, domin Dakta ya ce in fito da shi, Farfesa za ta gan shi a ofis idan an tafi shan shayi. Na wuce shi da kula a hannu, na ce, "Baba, yanzu zan dawo." Ya gyaɗa kai.

Ginin yana da nisa, mai riƙe da mabuɗin firjin kuma sai da aka nemo shi. Da na dawo, kujerar baranda wayam. Na ji muryar Dakta a lasifika, na tura ƙofar zauren taro.

Baba yana kan dandamali, a zaune a kujera, fitila ta haske shi. Dakta yana tsaye a kansa da makirufo, yana cewa a dubi yadda hannun ke rawa, a dubi yadda fuskar ta daskare. Ya sa shi ya miƙe ya taka, ya dawo ya zauna. Ina kutsawa tsakanin kujeru ina cewa a ba ni hanya, sai na ji ya ce, "Yanzu kuma ga abin da Farfesa ta yi bayani." Ya sa yatsa biyu ya ja amawalin ƙasa. Tsumman ya faɗo a cinyar Baba. Miyau ya biyo gemu ya sauka a gaban riga. Wayoyi suka ɗaga ko'ina a zauren. Baba ya kai hannu zai mayar da rawanin, hannun ya ƙi, yana ta rawa a iska. Idonsa yana yawo cikin jama'a har ya same ni. Makirufo yana kusa da bakinsa, kowa ya ji abin da ya ce. Cewa ya yi, "Uwata."

Farfesa ce ta riga ni isa. Ban san me ta gani a fuskarsa ba, amma ta miƙe ta sha gabansa, ta ba jama'a baya, ta mayar masa da amawalin da hannunta. Ta juyo ta yi magana da kakkausar murya, tafinta ya ce ta ce a sauke wayoyi, duk wanda ya ɗauka ya goge. Ta tambayi Dakta ko an nemi izinin wannan dattijo. Ya yi 'yar dariya ya ce ai 'yarsa ma'aikaciyarmu ce. Na ce da ƙarfi, da Hausa, ba tare da jiran tafinta ba, "Ƙarya ne. Ba a tambaye shi ba, ba a tambaye ni ba." Na kama Baba muka fita, Madam Zuwaira ta riƙe ɗaya hannun.

Da aka fito shan shayi na tare Dakta a baranda. Ban taɓa ɗaga wa na gaba da ni murya a wurin aiki ba sai ranar. Na ce, "Dakta, na gaya maka sharaɗinsa ko ban gaya maka ba?"

Ya ce, "Sista, ki kwantar da hankalinki. Koyarwa ce. A asibitin koyarwa haka ake yi kullum. Mutum nawa za su amfana da abin da suka gani yau?"

Na ce, "To me ya sa sai da ka aike ni?"

Ya dubi agogonsa. Ya ce, "Matsalarku ke nan, kuna sa son rai a cikin aiki. Yanzu ba ga shi Farfesa za ta duba shi da kanta ba? Mutane nawa ke samun wannan? Maimakon godiya."

Na ce, "Da mahaifinka ne, za ka ja masa rawani a gaban mutane?"

Ya ce in kula da harshena, ya tuna mini shi ke sa hannu a kan wanda zai ci gaba da aiki a shirin. Ya ɗauki kofin shayinsa ya koma cikin manya. Har yanzu in na tuna yadda ya ɗauki kofin nan hankali kwance, sai raina ya sake ɓaci.

Farfesa ta zo ɗakin Baba da kanta bayan la'asar. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar 'yar gida. Ta sa tafinta ya juya baya kafin ta nemi a sauke amawalin. Ta duba shi a natse, ta canja masa magani, ta ba da wani na ɗigawa a ƙarƙashin harshe, ta koya mini yadda zai riƙa zama da kai a miƙe da yadda za a riƙa tuna masa haɗiya. Da ta gama ta ce a gaya masa tana neman gafara, a zaurenta aka yi, da ta sani da ba a fara ba. Baba ya ce, "Ba komi. Allah Ya yi miki albarka." Na ba shi haƙuri, na rantse masa ban sani ba, ya ce, "Na sani, Uwata." Ya juya fuska bango.

A ranar rufe taro aka raba takardun shaida. An kira Dakta Lawal an ba shi tasa, ta kammala horon shugabanci, ya riƙe ta a ƙirji aka ɗauki hoto. Ni ma an ba ni. Tana nan cikin akwati, ban ko cire ta daga ambulan ba.

A hanyar dawowa Mamman bai jira kowa ba. Ya buɗe gaban mota ya zaunar da Baba, ya ɗaura masa bel, ya ce wa Dakta ƙofar baya a buɗe take. Dakta ya shiga baya. Muka kama hanya har iyaka. Jandarman nan yana bakin aiki, ya gane mu, ya ɗaga wa Baba hannu ya ce a wuce. Muna shiga ƙasarmu wayata ta kama sabis, saƙonni suka fara shigowa. Na farko daga yayana ne. Hoton bidiyo ne, da tambaya a ƙarƙashinsa: "Rabi, mene ne wannan?"

Ashe mai ɗaukar hoton nan na Dakta ne, kuma bai goge nasa ba. Tun a ranar Dakta ya sa bidiyon a guruf ɗin ma'aikata, da rubutu a kai cewa ga irin marasa galihun da shirinmu ke kaiwa har ƙasar waje. Wani ya gane fuskar ya tura wa ɗan'uwansa a Batsari, wai ga limaminku a Nijar. Daga nan ya isa shagon cajin waya na Wagini, aka yi ta tura wa juna. Kafin mu sauka daga mota, babu wanda bai ga bakin Baba ba, har matan da ke cikin kulle. Na juyo na nuna wa Dakta wayar. Ya ce ai wayar da kan jama'a ce, amma tun da abin ya dame ni zai cire. Ya cire daga tasa wayar.

Mutanen garinmu ba su yi dariya ba, kada wani ya ɗora musu abin da ba su yi ba. Abin da suka yi shi ne zuwa. Suka cika zaure kamar gidan gaisuwar mutuwa, kowa da "sannu, Malam", "ashe haka abin yake", "Allah Ya sa kaffara ne". Tsofaffi suna share hawaye. Mutumin da aka saba zuwa neman addu'arsa, yau shi ake zagaye ana yi wa addu'a, kowa kuma idonsa yana sauka kan amawalin, ya ɗauke, ya sake komawa. Baba yana amsawa da "amin" har suka watse.

Maganin kuwa ya yi aiki, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta don ina fushi ba. Cikin 'yan makonni hannun ya lafa har yana jan carbi. Yana tashi ba a kama shi ba. Tsumman da nake canjawa ya koma fitowa a bushe. Malam Idi ya zo da kansa ya durƙusa ya ce, "Malam, azumi ya matso, wurinka na nan, jama'a na jira." Baba ya ce, "Ci gaba, Idi. Na bar maka." Wata maƙwabciyarmu ta kawo jaririnta mai zazzaɓi, ta ce tun da an ce Malam ya ji sauƙi a yi masa tofi. Ya dubi yaron ya daɗe, ya ce ta kai shi wurin Malam Idi, daga can ta wuce asibiti. Da aka fara asham, a zaure ya yi tasa shi kaɗai, ana jiyo karatun Idi ta lasifika.

Na kai ƙara a rubuce, an ce ana dubawa. Dakta yana nan a kujerarsa, na ji ma an ce shi zai koyar da darasin shugabanci a taro na gaba. Masu ce mini in yi haƙuri tun da an sami lafiya, na ji, na gode. Amma ni na san abin da na tafi da shi Maraɗi, na kuma san abin da na dawo da shi.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gida. Na dama fura da kauri yadda Madam Zuwaira ta koya mini, na shiga ɗakinsa, na tura ƙofa kamar yadda na saba, na zauna a gabansa da ƙwarya. Na jira ya sauke amawalin. Bai sauke ba. Na ce, "Baba, ai babu abin da ke zuba yanzu. Kuma ba kowa, ni ce."

Ya ce, "Na sani, Uwata. Aje nan, in kin fita na sha."

Na ajiye ƙwaryar na fita, na ja masa ƙofa.